Guzurin Jirgin Dare

Bayan magariba muka bar Gaundare,
Jirgi ya yi tari, ya ja jiki a hankali.
Ƙunshin kilishi na kan cinyata a ɗaure,
Inna ta ce, "Na yayarka ne, Ɗanlami,
Kar ka kwance shi a kan hanya."

Na ce to. Wa zai ce wa Inna a'a?
Amma takardar siminti ba ta riƙe sirri,
Mai ya huda ta, ƙamshi ya cika tarago,
Har mai duba tikiti ya dawo sau biyu
Yana shaƙar iska ba kunya.

A kujerar gabana wani baƙo ne,
Gajere, mai furfura, da hular kaki.
Rijiyoyin burtsatse yake gyarawa
Can wajen Mokolo, shekara uku ke nan.
Ya ce Japan ce ƙasarsu, sunansa Masao.
Na ce, "Masa? Mu da miyar taushe muke cin ta!"
Da na warware masa da guntun Faransancina
Sai da ya share hawaye don dariya.

Ya buɗe wani ɗan akwati na katako,
Curin shinkafa huɗu, kamar dawo,
Kowanne da baƙin ganye a gindinsa.
Ya ce a cikin teku ganyen ke tsirowa.
Ni da ban san ruwan da ya wuce Binuwai ba
Na karɓa hannu biyu da godiya.

Na gatsa. Gishiri-gishiri, sanyi-sanyi,
Ƙarnin kifi, amma babu kifin.
Sai can ciki wani jan ɗan itace
Ya kama min harshe, ya matse min ido,
Tsaminsa ya fi na ɗanyar tsamiya.

Ya zuba min shayi a murfin fulas,
Kore shar, ba sukari, ba citta,
Ba kanumfari, balle madara.
Na kurɓa don kara, na ce a raina:
Wannan ai ruwan wankin ganye ne.
A kurɓa ta uku sai wani ɗaci mai ladabi
Ya sami wuri ya zauna min a zuciya.

To, wanda ya ci na mutane, me ya rage masa?
Na dubi ƙunshin, ƙunshin ya dube ni.
Inna na Gaundare, Yaya na Yawunde,
Daga ni sai Allah a tsakiya.

Na kwance. Ya yagi kamar tafin hannu,
Ya tauna, ya yi tsit, kunnensa ya yi ja,
Gumi ya tsattsafo masa a karan hanci.
Yana fifita baki da tikitinsa,
Yana ɗaga min yatsa: ƙara ɗaya.

A Ngaundal muka tsaya cikin duhu,
Fitilu na yawo a ƙarƙashin taga,
Mata na kiran zuma, zuma, zuma,
A kwalaben da suka gama aikin lemo.
Na miƙa jaka guda, jirgi ya motsa,
Na yi sallama da canjina ke nan.
Sai ga mai zumar a guje, zani a hannu,
Ta cillo shi ƙulle a leda,
Har da gyarar ayaba da fiya.

Na ɗiga zumar a koren shayinsa.
Ya dafe kai kamar na zagi kakansa,
Sannan ya ɗanɗana, ya kau da fuska,
Ya shanye tas, ya lashe murfin,
Ya ce kar in gaya wa kowa a duniya.

Dare ya raba, ƙafafun jirgi na ta daka,
Masao ya yi barci, baki a buɗe.
Na auna ƙunshin Yaya a tafina,
Yanzu takarda ta fi naman nauyi.
Ya bar min curi ɗaya a akwati,
Zan kai mata shi, da rabin kwalbar zuma,
In ce wani baƙo ne ya yi mana musaya.
Ba ƙarya ba ce. Sauran bayanin kuwa
Sai na ga fuskarta da safiya.